Gubar Dalma da Ƙananan Yara: Tambayoyin da Iyaye ke Yawan Yi a Maraɗi da Kewaye

Tun da samarinmu suka fara ɗaukar hanyar Jado da Cibarakatan a 2014, balle da zinariya ta ɓulla a nan kusa, a Ɗan Isa, a 2021, da wuya a sami unguwar da babu wanda ya taɓa shiga rami. Haɗarin ruftawa kowa ya san shi, don ramukan Ɗan Isa sun binne aƙalla mutum 18 a watan Nuwamban 2021. Wanda ba a cika magana a kai ba shi ne haɗarin da ke biyo mutum har ɗakin matarsa. Tambayoyin nan su ne suke ta dawowa a wurin awo, a majalisa da gidajen suna.

1. Mece ce dalma, kuma me ya haɗa ta da zinariya?

Ƙarfe ce mai nauyi, mai taushi, ruwan toka. Ita ce a cikin batirin mota, ita ce kuma masunta ke ɗaurawa a bakin birgi don ya nutse. Jikin mutum ba ya amfani da ita ko ƙanƙani, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi nata a jini da za a kira lafiya lau.

A ƙarƙashin ƙasa jijiyar dutse guda kan ɗauko zinariya da dalma tare. Muddin dutsen na kwance a inda Allah ya ajiye shi, ba ruwansa da kowa. Sai an fasa shi, an daka, an niƙa ya zama gari, sannan ɓarna ke farawa. Ba kowane dutsen zinariya ne ke da dalma mai yawa ba, amma ido ba ya rarrabewa, kuma rami biyu da ke maƙwabtaka na iya bambanta. Dutsen da ba a auna ba, a ɗauke shi mai guba.

2. Ana ta ambaton Zamfara. Me ya faru a can?

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci Na Gari Na Kowa, wato MSF, suna zagayen sa ido kan sanƙarau a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, suka tarar yara na mutuwa fiye da kima. Yaro ya kama jijjiga, a ba shi maganin masassara, bai tashi ba. Da aka auna jininsu aka ga dalma ce. Masu bincike na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, sun bi gida-gida a ƙauyuka biyu, Dareta da Ƴargalma, suka samu cikin yara 463 ƴan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun rasu cikin shekara ɗaya. Yaro ɗaya ke nan cikin kowane huɗu. Gida biyu cikin uku kuwa a cikin gida suke sarrafa dutsen. Jimillar yaran da suka rasu a yankin ta kai 400 ko fiye.

Akwai abin da mutanen ƙauyukan suka tuna daga baya: agwagi ne suka fara ɓacewa, tun kafin yara su fara faɗuwa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Garin Bagega, wanda ya fi sauran girma, sai 2013 aka share masa ƙasa saboda jinkirin kuɗi. A 2015 abin ya sake afkuwa a yankin Shikira, ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a Najeriya, yara 28 suka rasu.

Tsakaninmu da Zamfara iyaka ce kawai. Harshe ɗaya, auratayya ɗaya, kuma yadda ake daka dutse a can haka ake daka shi a nan. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ya rage maka.

3. Yarona bai taɓa zuwa bakin rami ba. Ta ina za ta shige shi?

Ba sai ya je ba, ƴar'uwa, ramin ne ke zuwa wurinsa. Ɗauki misali: maigida ya dawo da buhun dutse ya jingine a zaure. Da yamma aka zazzage a turmi, aka daka, aka tankaɗe, aka shanya garin a tsakar gida. Iska ta kwashi nata, tsintsiyar safe ta baza saura har ƙofar ɗaki. Ga ɗan wata goma yana rarrafe. Ya tsinci guntun ƙuli-ƙuli a ƙasa ya kai baki, ya tsotsi yatsa, ya kama nono da hannun da ya dafa ƙasa. Ba wanda ya ga komai, don ƙurar dalma ba ta da wari, ba ta da ɗaci, kamarta ɗaya da ƙurar hunturu.

Ko dutsen bai shigo gida ba, tana zuwa a riga da wando, a takalmi, a gashin kai, a sirdin babur, a buhun da aka zazzage aka zuba gero a ciki. Mafi yawanta ta baki take shiga, saura ta numfashi. Dubi amsa ta 10 don yadda ake tare ta tun daga ƙofa.

4. To me ya sa uban da ke cikin ƙurar yake garau, yaro ne ke kwanciya?

Hanjin ƙaramin yaro yana tsotse dalma ninki 4 zuwa 5 na abin da hanjin babba ke tsotsewa. Ga shi a ƙasa yake wuni, komai baki. Ƙwaƙwalwarsa kuma yanzu ake ginin ta, dalma kuwa tana shiga gurbin kalsiyom ne, ta rikita yadda jijiyoyi ke ƙulluwa. Uban ma ba garau yake ba, nasa a hankali yake zuwa: hawan jini, ciwon ƙoda, murɗar ciki, raunin haihuwa.

5. Waɗanne alamu zan duba?

A nan gizo ke saƙar. Yawancin yaran da ke ɗauke da dalma ba sa nuna komai, suna wasa suna dariya, tana cin su ta ciki. Idan ta ƙaru sai a fara ganin ciwon ciki, amai, bushewar ciki, ƙin abinci, kasala, rigimar da ba dalili, da ɗashewar tafin hannu saboda ƙarancin jini. Wani yaron ya fara tafiya ya koma rarrafe, wani ya fara kiran inna ya yi shiru. Uwa ce ta fi kowa saurin gane irin wannan koma-baya, kuma in ta faɗa a saurare ta.

Idan ta yi tsanani ƙwaƙwalwa ke kumbura: jijjiga, sanƙarewa, barcin da ba a iya tada yaro, suma. Wannan ba na jiran gari ya waye ba ne.

6. Ai jijjiga masassarar cizon sauro ce ke kawo ta, ko sanƙarau, ko iska. Yaya za a bambance?

Da ido ba za a iya ba, kuma abin da ya ɓatar da mutane a Zamfara ke nan. A ƙasarmu, musamman daga damina zuwa kaka, yaron da ke jijjiga masassara ce farkon abin zargi, kuma daidai ne a fara da ita. Amma akwai abubuwan da ya kamata su sa a ɗaga kunne: an yi gwajin yatsa bai nuna masassara ba, ko an sha maganin har ƙarshe jijjigar na dawowa, ko jijjiga ba zafin jiki, ko yara biyu uku a gida ɗaya ko layi ɗaya, ko kaji da agwagi da awaki na mutuwa a lokaci guda. Yaro kuma na iya haɗa biyun, masassara da dalma.

Majo ba zai san abin da ke cikin zaurenku ba sai kun faɗa. Mutane kan ɓoye don tsoron a kama maigida ko a rufe wurin aiki. Ku gaya masa a fili cewa ana daka dutse a gidan, ko uban yaron daga wurin zinariya ya dawo. Addu'a da tofi ba wanda ya hana, amma a yi su a kan hanyar likita, kar a ce sai an gama hayaƙi tukuna.

7. Wane gwaji ake yi, kuma me lambobin ke nufi?

Gwajin jini ne kaɗai ke tabbatarwa. Ba irin wanda ake yi a kowace ƙaramar likita ba ne, don haka a fara da cibiyar lafiya ta CSI mafi kusa, su rubuta takardar turawa gaba. Akwai ƴar na'urar da ke aunawa da ɗigon jinin yatsa, amma sai an wanke hannun yaron da sabulu sosai, in ba haka ba ƙurar da ke kan fata za ta ƙara lambar. In ta nuna da yawa, ana sake tabbatarwa da jinin jijiya.

Ana lissafi da mikrogiram a cikin desilita ɗaya na jini. Daga 5, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a nemo inda dalmar ke fitowa a toshe. Amurka ma ta sauko da nata ma'aunin zuwa 3.5 a 2021. Daga 45 ake maganar ba yaro maganin fitar da ita. Daga 70 zuwa sama lamari ne na gaggawa. A ƙauyuka biyun nan na Zamfara, kashi 97 cikin 100 na yaran da aka auna sun kai 45 ko sun wuce, da yawa ma sun zarce 65, inda ƴar na'urar ke tsayawa. Kuma ba matsalar masu haƙa kaɗai ba ce: rahoton UNICEF na 2020 ya ƙiyasta yaro 1 cikin 3 a duniya, kimanin miliyan 800, sun kai 5 ko fiye.

8. Akwai magani? Mun ji an ce madara ko tsamiya na wanke ta.

Akwai. Wanda aka fi ba yara sunansa DMSA, ƙwanso ne mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ana buɗe shi a gauraya da ɗan abinci. Yana kama dalmar da ke jini ya fitar da ita ta fitsari. Zagaye ɗaya kan ɗauki kwana 19, kuma sau da yawa sai an maimaita, saboda dalma ba ta zama a jini kawai. Wadda ke jini tana raguwa da rabi cikin kamar wata guda, amma wadda ta shige ƙashi da haƙori shekaru take yi, tana tsiyayowa kaɗan-kaɗan. Masu jijjiga kuwa kwantar da su ake yi a yi musu na allura.

Abu biyu a riƙe. Maganin nan ba na kanti ko na ɗan tebur ba ne, sai likita na bin jinin yaron. Sannan in an ba shi aka mayar da shi cikin ƙurar da ta kwantar da shi, ɗiban ruwa ne da rariya. Saboda haka ne a Zamfara sai an share ƙasar gari kafin a fara rabon magani, kamar yadda amsa ta 9 ta nuna. Madara da nono abinci ne masu kyau, amma ba sa wanke dalma. Tsamiya, kanwa, man ja da jiƙe-jiƙe ma haka.

9. An daɗe da daina daka dutse a gidanmu. Ruwan sama bai wanke ba?

Bai wanke ba. Dalma ba ta ruɓewa, rana ba ta ƙone ta. Garin Kabwe na Zambiya an rufe mahaƙarsa tun 1994, har yau yaran garin na fama. Ruwan sama sai dai ya kwashe ta daga tsakar gida ya kai kududdufi.

Yadda aka yi a Zamfara shi ne a kankare saman ƙasa kamar santimita 5, a zuba a buhuna, a kai wani rami nesa da gari da rijiyoyi a binne, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Akwai na'urar hannu da ake ɗorawa a ƙasa ta faɗi yawan dalma nan take. A lokacin, ma'aunin Amurka na filin wasan yara kashi 400 ne cikin miliyan, a wasu gidajen Zamfara kuwa an samu fiye da 100,000. Aikin nan na hukuma ne da masu kayan kariya, don wanda ya ɗauki fartanya ya hau kankara da kansa ƙura zai ƙara tayarwa. Kafin su zo, a kange wurin da aka yi dakan, a shimfiɗa wa yara tabarma mai wankuwa a wani gefen, a yayyafa ruwa kafin shara. In da hali a yi daɓen siminti. A sanar da mai gari da majo, don gida ɗaya ba ya gurɓata shi kaɗai.

10. Da wannan aikin nake ci da iyalina. Sai in bari ke nan?

Malam, ba wanda zai ce ka bar abincinka bai ba ka wani ba, kuma inda aka gwada hanawa da ƙarfi, cikin ɗaki aikin ya koma, wanda ya fi muni. Abin da ake nema shi ne katanga tsakanin aikin da gidan. Dutse, garinsa, buhunsa, turminsa da rariyarsa kada ɗaya ya ƙetare zaure, ko da na kwana ɗaya ne don tsoron ɓarayi. Ku haɗa kai ku yi rumfar ajiya a wurin aiki da mai gadi. A yi niƙa nesa da gari, kuma da ruwa: inda aka gwada fesa ruwa a bakin inji a yankin Shikira, ƙurar dalma ta ragu ƙwarai.

Ka ware kayan aiki da takalminsu, su kwana a can. Ka yi wanka da sabulu, har kai, kafin ka taho, ka goge babur. Yaro zai rugo ya rungume ka a ƙofa, ba za ka iya ture shi ba, to ka iso da jikin da za a runguma. Kada uwargida ta haɗa wankin kayan rami da na yara. Masu dawowa daga Jado ko Cibarakatan, jaka da bargo da tabarmar da aka yi watanni ana kwana a kai su ma a wanke su a waje. Kada mai goyo ta kai tallan fura bakin inji, kada a sa yara fasa dutse. Injin da ya niƙa dutse kuma kada a sake niƙa hatsi da shi har abada.

11. Ina da ciki. Zai taɓa abin da ke cikina? In na haihu in ba da nono?

Yana taɓawa. Dalma na ratsa mahaifa, kuma lokacin ciki jiki na jawo kalsiyom daga ƙashin uwa, sai tsohuwar dalmar da ta kwanta a can ta biyo. Tana iya kawo ɓari, haihuwar bakwaini, jariri mara nauyi da hawan jini ga uwar. Ki faɗa wa ungozomar likita tun awon farko, ki sha ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa, ki nisanci daka da tankaɗen dutse. Kwaɗayin cin farar ƙasa ko ƙasar bango ma a daure a bari.

Nono kuwa a ci gaba da bayarwa. Abin da ke bi ta cikinsa kaɗan ne, kuma yaye jariri da wuri a nan ya fi haɗari. Sai in dalmar jinin uwar ta kai wajen 40 ne likita zai iya cewa a dakata. Ki wanke hannu da kan nono kafin ki ba shi.

12. Ruwan sha fa? In an tafasa ya isa?

Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta, ba ta taɓa dalma. Rijiyar da ke buɗe kusa da inji, da tafkin da ake wankin zinariya a ciki, a bar shan su, a hana dabbobi. A rufe randa, a rufe abinci, kada a shanya hatsi ko kuɓewa inda ƙurar ke sauka. Mutanenmu sun san abin da ruwa ya yi wa ƙasusuwan yaran Tibiri, amma wancan sinadarin fulor ne ya yi yawa, ba dalma ba.

13. Akwai abincin da ke taimakawa?

Akwai, amma taimako ne, ba magani ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: cikin da ba komai, da jikin da ke ƙarancin jini ko kalsiyom, sun fi tsotse dalma. Yaron da ke da tamowa shi ya fi shiga haɗari. A ba shi abin karyawa tun da safe kafin ya sauka ƙasa. Wake, zogale, miyar kuka, hanta, ƙwai, ƙananan kifi da nono duk suna da amfani, a haɗa da lemo ko tumatir. A wanke masa hannu da sabulu kafin kowane ci, a yanke farce.

14. Mu a cikin birni muke, ba mai haƙa a gidanmu. Mun tsira?

Ba lalle ba. Na farko batir. Masu fasa tsofaffin batiran mota da na sola suna narka dalmar a cikin unguwa, hayaƙin da tokar na sauka inda yara ke wasa. A wata unguwa a gefen Dakar, Caroy, irin wannan sana'a ta kashe yara 18 tsakanin 2007 da 2008.

Na biyu zai yi wa kakanni ɗaci: tozali. Dutsen kwalli mai ƙyalli da ake niƙawa, mafi yawansa dutsen dalma ne tsantsa. A 2012 hukumar CDC ta ba da labarin wani jariri a Boston da aka samu dalma a jininsa, aka bi sawu har kan tozalin da aka kawo daga Najeriya, wanda fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Jariri na murza ido ya kai hannu baki. Iya, a yi haƙuri, idon jikanki zai yi kyau ko ba kwalli, kuma kada a sa shi a cibiya.

Sai tukwanen da muke kira na dalma. Asalinsu sanholo ne, amma maƙera kan narka duk abin da suka samu, har tarkacen inji, dalma ta shiga ciki. Miya mai tsami, irin ta yakuwa ko tsamiya, ta fi jawo ta, don haka kada abinci ya kwana a ciki. Akwai kuma fentin mai, musamman ja da ruwan ɗorawa, idan ya fara ɓarewa. Fetur dai an huta, an daina sa masa dalma a ƙasashenmu tun wajen 2006.

15. Zaibar da ake kama zinariya da ita, ita ce dalmar?

A'a, guba biyu ne daban. Dalma a cikin dutsen take, zaiba kuwa saye ake yi a zuba. Idan aka ƙona curin don zinariya ta fito, tururin zaiba ke tashi, shi ma ƙwaƙwalwa da ƙoda yake ci. Kada a ƙona shi a ɗaki, ko a murhun girki, ko kusa da yara da masu ciki.

16. Yaron da ya sha magani ya tashi, zai koma kamar da?

Ya danganta da yawan dalmar da daɗewarta. Magani na ceton rai, yana tsayar da ɓarna, amma abin da ya riga ya lalace a ƙwaƙwalwa ba ya dawo da shi. Cikin yaran da suka yi jijjiga suka rayu akwai waɗanda suka tashi da makanta, ko shanyewar gaɓɓai, ko farfaɗiya. Waɗanda abin bai yi wa tsanani ba sai sun shiga lakwal ko makarantar allo ake lura: hadda ba ta zama, hankali ba ya tsayawa wuri ɗaya, ga saurin fushi.

Irin wannan yaro ba dakiki ba ne, ba kuma taurin kai yake ba, bulala ba za ta ƙara masa komai ba. A gaya wa malaminsa tarihinsa, a zaunar da shi gaba, a riƙa ba shi karatu kaɗan-kaɗan ana maimaitawa. A duba jinsa, don dalma na rage ji. A riƙa komawa awon jini a ranakun da likita ya sa ko da yaron ya yi ƙiba yana gudu, kuma a kai ƙannensa da duk yaran da suka yi rarrafe a tsakar gidan nan su ma a auna su.